Wata Bakwai Babu Furuci: Yadda Na Rubuta Labarin Saudatu

Tun kafin in raɗa wa jarumata suna na san da ciki za ta shiga labarin, kuma cikin da ba ta shirya masa ba. Tambayar da ta daɗe tana cina ita ce, cikin wa? A littattafanmu hanya biyu aka fi bi. Ko dai a yaudari yarinya ta yi cikin shege gida ya kama da wuta, ko a yi mata fyaɗe sannan wani mai hali ya zo ya share mata hawaye. Ba na raina masu rubuta waɗannan, abubuwa ne da ke faruwa a unguwanninmu kuma dole wani ya faɗe su. Amma akwai wata mace da nake gani kullum, ban cika ganinta a rubuce ba: wadda aka miƙa wa takardar saki, ta kwaso akwatinta ta dawo ɗakin uwarta, bayan sati uku ƙamshin soyayyiyar albasa ya fara tayar mata da zuciya. Cikin halak ne, da ubansa, babu mai zaginta a kansa. Duk da haka ta rasa murna za ta yi ko kuka. Ita na zaɓa, na kira ta Saudatu, 'yar Mandawari a cikin birnin Kano, wadda aka aurar bayan ta gama sakandare.

Namijin ne ya tsaya min a rai. Ina son soyayyar ta tsiro daga abota, to amma a garinmu ina namiji da mace suke samun wurin yin abota? In aka ga saurayi ya tsaya da mace sau biyu a ƙofar gida, an gama yanke hukunci zance yake zuwa. Na auna ɗan ajinsu, na auna abokin aiki a ofis, duk ba su dace da rayuwar Saudatu ba. Sai a wani gidan suna na ga ɗan gwaggonmu ya shigo har tsakar gida, ya buɗe tukunya ya tsame tsoka, yayata ta bi shi da muciya, tsofaffi suna ta dariya. Ashe wurin da nake nema yana nan tun kaka da kakanni, wasan taubasai. Ɗan mace da 'yar namiji suna tsokanar juna a gaban kowa, su yi rigimar kuɗin shara ranar cika-ciki, su san sirrin juna tun suna yara, kuma aure ya halatta a tsakaninsu. Nan Nafi'u ya fito, ɗan gwaggon Saudatu, mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre, wanda tun tana 'yar firamare yake kiranta Mai Kuka.

Kafin in buga harafi ɗaya na tafi wurin malamarmu ta Islamiyya, bayan an tashi karatun matan aure na ranar Lahadi. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Malama, mace ce aka yi mata saki ɗaya, sai ciki ya bayyana. Yaushe wani zai iya nemanta?” Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “'Yar nan, ke ce ko wata?” Na ce ta cikin littafi ce. Ta ce, “To ko ta littafi ce, matar mutum ce har ta haihu.”

Ta jawo Alƙur'ani ta bi da ni aya-aya. Iddar mai ciki ba tsarki uku ba ce, haihuwarta ce, aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ. Tunda saki ɗaya ne, duk tsawon wannan lokaci mijin yana da damar kome, wato ya mayar da ita ɗakinsa, kuma ba sai da sabon sadaki ko ɗaurin aure ba. Na ce to in ta ɓoye cikin fa, ta ce ta gama idda? Malama ta buɗe aya ta 228 a Baƙara, inda aka hana mata ɓoye abin da Allah Ya halitta a mahaifarsu. Ciyar da ita yana kan mijin har ta sauka. A ƙa'ida ma a ɗakinta ya kamata ta yi iddar, ba a gidan iyayenta ba, sai dai mu mun saba da zarar an furta saki sai a kira mota. Sannan ta zo kan Nafi'u. Wadda mijinta ya rasu, ko wadda sakinta babu kome, ana iya yi mata jirwaye da kamar wanka, amma ba a fito fili a nemi aurenta. Mai saki ɗaya kuwa ko jirwayen ba a yi mata. Ta ƙara da abin da ke cikin Risala, cewa a mazhabar Malikiyya wanda ya auri mace cikin idda har ya tare da ita, ta haramta gare shi har abada.

Na fito daga gidan nan hannuna ɗauke da littafin soyayya wanda jaruminsa ba shi da ikon cewa “ina sonki” na tsawon wata bakwai. A cikin adaidaita ina ta juya maganar, kafin mu kai Ƙofar Famfo na gane wannan hanin shi ne ƙashin bayan labarin. Mun saba jarumi ya zuba kalamai shafi guda, ya aiko da waya sabuwa a kwali, ya yi rashin lafiya saboda so. In aka ƙwace masa baki, me ya rage? Sai abin da hannunsa ya yi, da abin da ya danne bai yi ba.

Sai na koma neman sanin cikin kansa. Na haihu, amma abin da mace ta ji a jikinta daban, abin da za ta rubuta mutane su karanta su ɗauka daban. Matar ƙanina tana da ƙaramin ciki a lokacin, sai na bi ta awo. Mun isa gari bai gama wayewa ba, mun tarar da benci ya cika, kowacce da katinta a leda da robar ruwa a hannu. Ma'aikaciyar jinya ta fito ta yi jawabi a kan abinci da kwana cikin gidan sauro, aka yi tafi, aka fara kiran suna. Na kalli yadda ake hawa sikeli, a ɗaura abin awon jini a damtse, a shimfiɗa tef daga mara zuwa saman ciki, a kafa ɗan ƙahon nan a saurari bugun zuciyar jariri. Wata yarinya da ba ta fi shekara sha bakwai ba tana gefena, aka tambaye ta sunan miji don cike kati, ta yi shiru, ta sunkuyar da kai, tsohuwar da ta rako ta ce ta amsa. Ban san labarinta ba, ban kuma tambaya ba. Amma wannan shirun na ɗauka na ba Saudatu a ranar awonta na farko, aka tambaye ta sunan mutumin da ya kore ta, kuma dole ta faɗa.

Wata ƙawata ungozoma ta zauna da ni muka jera watannin. Laulayi ya fi tsanani a wata ukun farko. Mai cikin fari ba ta cika jin motsi ba sai wajen sati 18 zuwa 20, don haka ta ce kada in sa ɗa ya shure ta a wata na biyu kamar yadda take gani a wasu littattafan. Ana ba da ƙwayoyin ƙarin jini, da allurar tetanus, da Fansidar na kariyar zazzaɓin cizon sauro bayan wata ukun farko sun wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8. Ta roƙe ni abu ɗaya, in saka alamomin hawan jinin masu ciki, wato ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannu, domin su ne ke zuwa kafin jijjiga, kuma mata da yawa suna ɗaukarsu iska ce ko maita har lokaci ya ƙure. Ta ce, “Ƙawata, masu karanta ki sun fi masu sauraron jawabinmu yawa.” Na saka, ba a matsayin lacca ba. Nafi'u ne ya lura zoben azurfar da ke yatsanta ya nutse cikin nama, ya tsokane ta cewa Mai Kuka ta zama Mai Ƙiba, yana fita ya kira gwaggo a waya ya ce a kai ta asibiti yau ba gobe ba.

Rubutun kansa a waya na yi shi, yawanci bayan isha'i in yara sun kwanta, wani lokacin da asuba kafin a ɗora ruwan shayi. Na sa allon rubutu na Hausa domin ƙ da ɗ da ɓ su fito da lanƙwasarsu. Da yawa daga cikinmu suna barinsu, amma a labarin da mace take da ɗa a ciki ba na son mai karatu ya tsaya yana lalube. Na saki shafukan farko kyauta a zauren WhatsApp da Wattpad kamar yadda aka saba, daga inda Saudatu ta riƙe tsinken gwaji a bayan gida ta ga layi biyu na rufe, na ce mai son ci gaba naira 500. Shaidar biya ta fara shigowa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna turo nasu da sefa ta Nita, kamfanin tura kuɗi na Nijar, ko katin waya. Ba a rasa masu kwashe shafi su watsa a wasu zaurukan kafin gari ya waye ba, abin yana da ciwo, na yi magana sau ɗaya na bar su da Allah.

Abin da ya fi satar nauyi shi ne sharhi. Masu karatu ba sa jiran littafi ya kammala, tare ake tafiya, kuma kowacce da hukuncinta. Tun cikin yana wata huɗu aka fara: “Anti don Allah ki sa cikin nan ya zube mu huta.” Sun san fiƙihunsu sarai, sun san ɓari ma yana kawo ƙarshen idda. Wasu suka ce in haɗa tsohon mijin da tirela a hanyar Zariya. Wata ta kira ni a waya, muryarta har rawa take, ta ce, “Hajiya, bawan Allahn nan yana wahala, ki bari ko a mafarki ne ya faɗa mata.” Na fahimce su, ni ma ina son Nafi'u. Amma ban ɗauko cikin nan don in jefar da shi in ya tare hanya ba. Matan da nake rubutawa dominsu ba su da marubuciyar da za ta goge musu ciki ko ta kashe musu miji a babi na goma. Suna ɗauke da shi har ranar da Allah Ya sauke su, kuma a cikin wannan jiran rayuwarsu take.

Don haka na bi hanya mai tsawo. Nafi'u yana zuwa gaida kawunsa kamar kullum, ya ajiye ledar agwaluma ko tsamiyar biri a gaban Inna, mahaifiyar Saudatu, ya ce a kasuwa ya gani da araha. Ya gyara mata tsohuwar wayarta ya cika ta da karatun Alƙur'ani saboda ba ta iya barci. Ranar awo ya aro adaidaitar abokinsa, Inna da Saudatu a baya, ya bi hanyar da ba ramuka ko da ta fi nisa. Shafin da na fi shan wuyarsa shi ne inda ya daina tsokanarta. Taubashin da ya shekara ashirin yana buɗe mata tukunya, rana ɗaya ya tsaya a zaure ya yi sallama sau uku yana jiran izini. Shi ya gane abin da ya shiga zuciyarsa, ya ji tsoron Allah, ya ja baya. Ita kuma ta ɗauka ƙyamarta yake don ta zama bazawara mai ciki. Babu wanda zai iya yi wa ɗaya bayani. Na goge shafin nan na sake, na goge na sake, domin duk kalmar da na ƙara sai ta zama furuci, kuma furuci ne ba ni da shi.

A wata na bakwai hoton ciki ya nuna namiji ne, labari ya kai gidan tsohon mijin, wanda 'ya'yansa duk mata ne. Ya aiko ƙaninsa da saƙo cewa ya mayar da matarsa. Daren da na saki wannan shafin wayata ba ta huta ba. A nan wata ta rubuto cewa littafin yana koya wa mata ƙin gidan miji, irin ɓata tarbiyyar da aka san marubuta da ita. Wannan zargin ya girme ni a rubutu. Tun da littattafan soyayya suka bazu a Kano a shekarun 1980 ake yinsa, har a 2007 aka ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau. Na amsa mata da ayar da Malama ta nuna min. Inda aka ba miji haƙƙin kome, a nan aka gindaya cewa in gyara suke nufi. Mutumin da ya yi wata shida bai aiko da mudun shinkafa ba, sai da ya ji namiji ne, ni ban ga gyara a tare da shi ba.

Saudatu ta nemi fansar kanta daga auren, wato hul'i a kotun shari'a. Wata mai karatu daga Katsina da ta taɓa bin wannan hanyar ta turo min saƙon murya mai tsawo, ta kwatanta min zaman jira a baranda, da yadda alƙali ya fara tura su sulhu da wakili daga kowane ɓangare, da yadda ake ɗaga zama. Ita ce ta tuna min cewa in mace ta kawo shaidun cutarwa alƙali yana iya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Na sake komawa wurin Malama ta tabbatar min haka yake a Malikiyya. Amma Saudatu ba ta da shaidu, abin da aka yi mata a cikin ɗaki aka yi shi, kamar na mata da yawa. Sai biya. Nan ma zaure ya ce Nafi'u ya biya mana, ai yana da jari. Na ƙi. Akwai hadisin da ya yi kashedi ga mai lalata tsakanin mace da mijinta, kuma da kuɗinsa sun shiga wannan shari'ar, da soyayyar ta gurɓata tun ba a fara ta ba. Saudatu ta kira dillaliya ta sayar da gadonta da kujerun da ubanta ya ci bashi ya yi mata. Ina buga wurin da ake kwance gadon ana fitar da shi ta zaure, sai da na ajiye wayar na share ido. A duk babobin kotu Nafi'u bai fito ko sau ɗaya ba, yana Legas sayo kaya, da gangan na kai shi can.

Ta haihu a asibiti, aka yi suna, uban ya aiko da rago bai zo ba. Itacen wankan jego bai aiko ba, sai ga kura cike da faskare a ƙofar gida, mai turawa ya ce gwaggo ce ta aiko, kowa a gidan ya san ba gwaggo ba ce. A nan na cika wa ƙawata ungozoma wani alkawarin. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da wankan tafasasshen ruwa da yawan kunun kanwa, don haka na sa Inna tana sirka ruwan tana rage kanwar, kakar gidan tana mita. Idda ta ƙare tun ranar haihuwa, amma na bar shi har aka yi arba'in. Ko a lokacin ba wurinta ya fara zuwa ba, mahaifinsa ya tura wurin kawu. Da suka haɗu a zaure kuwa, bayan duk jiran nan, abin da ya iya cewa shi ne, “Mai Kuka, kin yarda in dawo buɗe tukunya?” Masu karatu da suka yi tsammanin shafi uku na kalamai wasu sun ji haushi, wasu sun ce nan suka yi kuka.

Babin ƙarshe shi ya raba zauren biyu har yau. A Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da renon ɗanta, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Amma in uwar ta yi aure, a mafi yawan hali haƙƙin yana komawa hannun kakar yaron ta wajen uwa. A al'ada kuma mun san abin da ake yi, ana yaye dangin uba su zo su ɗauke, ko yaro ya bi uwarsa ya tashi ana ce masa agola. Saudatu ta san auren Nafi'u yana da farashi. Na sa an jira har ta yaye shi, aka zauna da manya, yaron ya zauna wurin Inna, Nafi'u ya kama haya gida uku tsakani don ta wuni da ɗanta. Rabin masu karatu sun ce na zalunce ta, ai Nafi'u zai riƙe shi kamar nasa. Zai riƙe, na san halinsa fiye da kowa. Amma yaron yana da uba da dangi waɗanda ba za su ɓace don littafi ya ƙare ba, kuma wurin Inna ne kaɗai babu mai hujjar zuwa ya ɗauke shi. Yanzu ina tace rubutun don a buga shi a takarda, kuma wannan babin ba zan taɓa shi ba. Masu neman littafi na biyu na gaya musu in zan koma gidan nan, labarin Inna zan rubuta, matar da ta gama renon nata ta sake ɗaura zanin goyo tana da shekara hamsin da biyar.